Pindar da Shuɗiyar Tarakta

A shekarun da gwamnati ta hana shigo da shinkafa daga waje, duk mai ɗan hali a Maiduguri sai ya zama manomi. 'Yan kasuwa, manyan ma'aikata, har da waɗanda ba su taɓa riƙe ƙotar fartanya ba, kowa ya je ya yanki fili a Jere ko a kan hanyar Dikwa. Ƙasar wajen kuwa firgi ce, baƙar laka mai taurin kai, in ta bushe ta zama dutse, in ta sha ruwa ta zama danƙo. Ba ta nomuwa da hannu yadda masu hali ke so, sai da tarakta. Shi ya sa direban tarakta ya zama mutum a gari, kuma in ana lissafin direbobi ba a nisa ba a ambaci Pindar ba.

Pindar ɗan wani ƙauye ne a bayan Biu. Tun yana saurayi ya zo Maiduguri, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, har ya faɗa hannun Alhaji Umara, wani ɗan kasuwa mai gonaki da ke ba da hayar tarakta. Tarakta ɗaya Alhajin yake da ita, ja, kuma Pindar ne ya riƙe ta fiye da shekara goma. Tsohuwa yake ce mata. Fentinta ya koɗe, fitilarta ɗaya ta mutu, kujerarta da robar taya aka ɗaure ta, da safe kuma ba ta tashi sai an tura. Amma Pindar ya san tarinta, ya san nishinta. In ta sauya murya, tun kafin ta tsaya ya san abin da ke damunta.

A Bulumkutu yake zaune, a gidan haya, shi da matarsa Rhoda da 'ya'yansu. Akwai ɗan ɗaki a waje, nan ƙanensa Dzarma yake kwana. Dzarma ne autan gidansu. Bayan rasuwar babansu uwarsu ta turo shi birni, ta ce Pindar ya koya masa abin da zai ci abinci da shi. Pindar kuwa ya koya masa da gaske. A kan Tsohuwa ya ɗora shi, ya nuna masa yadda ake sauke garma ba ta caki ƙasa ba, yadda ake kwana a bakin gona, yadda ake sauraren inji. Ya sha zaginsa, ya sha dungure masa kai, Dzarma bai taɓa riƙewa a zuci ba. Mutum ne mai saurin dariya. Kafin a ankara ya iya Kanuri har yana ba'a da tsofaffi, alhali Pindar, duk daɗewarsa a garin, bai wuce gaisuwa ba.

Gab da damina Alhaji ya ce ya yi odar sabuwar tarakta daga wani kamfani a Kano. Pindar bai tambayi wa za a ba ba, don a ganinsa ba abin tambaya ba ne. Ya dai gaya wa Rhoda. Ita kuwa tela ce, a tsakar gida take ɗinki da kekenta, sai ta haɗa ƙyallaye masu kyau ta ɗinka masa matashin kujera, ta ce sabuwar mota ba ta dace da tsumma ba.

Aka sauke ta daga tirela a ƙofar gidan Alhaji a GRA. Shuɗiya ce, tayoyinta na baya sun kai kafaɗar mutum, ko ledar kujera ba a cire ba. Pindar ya zagaya ta, ya shafa, ya leƙa inji, har ya fara tunanin inda zai rataye gorar ruwansa. Sai Alhaji ya fito daga cikin gida, ya wuce shi, ya miƙa wa Dzarma makulli.

Da alama ya ga abin da ke fuskar Pindar, don ya ja shi gefe. Hausar Alhaji ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Pindar, tsohon nan ba mai iya shi sai kai. In na ba yaron, sati ɗaya ya kashe shi. Sabon kuwa kowa ma zai tuƙa."

Pindar ya ce gaskiya ne, har da murmushi. Yabo ne, kuma ba ƙarya a ciki, shi ya sa ya rasa ta inda zai kama maganar ya yi fushi da ita.

Daga ranar ƙananan abubuwa suka fara tsaya masa a wuya. Taraktocin biyu a ƙofar gidansa suke kwana, ƙarƙashin dalbejiya. Da yamma yaran unguwa su kewaye shuɗiya, 'ya'yansa na cikinsa a kan gaba, ana rigimar wanda Baba Dzarma zai fara ɗorawa. Tsohuwa tana gefe, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin hutu. Da safe Dzarma ya murɗa makulli sau ɗaya inji ya kama, Pindar kuwa sai ya fita neman masu turi. Dzarma ba ya iya tafiya ya bar shi, sai ya ɗaura sarƙa ya ja shi har ta tashi. Wannan ya fi turin ciwo: a ja shi a layin Bulumkutu, mata na shara a ƙofar gidajensu suna kallo, wanda ke jan kuma yaron da ya koya wa riƙe sitiyari.

Wata safiya ya hango matashin nan a kujerar shuɗiya. Da ya tambaya, Rhoda ta ce ai ta gwada shi a Tsohuwa ya ƙi zama, kujerar ta karkace, kuma da ya lalace a ɗaki gara a more shi. In yana so sai ta ɗinka masa wani. Ya ce ba ya so. Ranar bai taɓa tuwonta ba, ya ce cikinsa ne.

A shagon Alhaji da ke bakin kasuwa manoma ke zuwa neman haya. Yanzu duk wanda ya zo shuɗiya yake tambaya, in an ce tana wani aiki ya ce zai jira. Mutanen da Pindar ya yi shekaru yana nome wa gona ne, waɗanda a da suke aiko masa da kifi da kankana don ya fara da tasu. Har a coci abin bai bar shi ba. Cocin na da 'yar gona wadda shi yake nomewa kyauta kowace shekara, ba wanda ya taɓa tashi ya ambata. Bana Dzarma ya biya ta can da sassafe ya gama da ita kafin rana ta yi zafi, sai ga dattijon coci ya miƙe bayan sujada yana gode wa ɗan'uwa Dzarma da sabuwar motarsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Pindar ya tafa tare da kowa, tafinsa ma ya fi na kowa ƙara.

Abin da ya fi cin sa shi ne ya rasa laifin yaron. Har yanzu Dzarma ne ke kai masa ruwan wanka. Har yanzu Yaya yake ce masa, in ya ji wata ƙara a inji ya zo ya tsuguna ya tambaya. Da ma ya yi girman kai, da Pindar ya sami abin kamawa. Sai ya koma yana gaya wa kansa cewa shi ba da Dzarma yake ba. Maganar ƙarfi ce kawai. Shuɗiya na jan garma mai faifai huɗu kamar ba ta ɗauki komai ba, Tsohuwa na jan mai uku tana nishi. In da ƙarfin ya zo ɗaya, da mutane sun ga wane ne direba.

Wata Asabar ya kai Tsohuwa Bolori wurin Maikuɗi. Shi Maikuɗi ba ya taɓa komai a mota sai famfon gas da nozul. Shagonsa na kwano ne, amma teburinsa ya fi na asibiti tsabta, kuma ba ya barin kowa ya shigo masa da ƙasa a ƙafa. Pindar ya ce ƙarfinta ya ragu. Maikuɗi ya sa aka tada ta, ya saurara, ya kwance nozul ya wanke ya mayar, ya ce lafiyarta ƙalau, iyakar ƙarfinta ke nan a shekarunta. Pindar ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito fili ya ce ya ji direbobin manyan motoci na cewa ana buɗe famfo.

Maikuɗi ya dube shi. Sannan ya kai shi gefen inji ya nuna masa famfon, wanda ke auna gas yana tura wa kowace silinda rabonta. A jikinsa akwai wani ɗan noti da aka ɗaure da waya, aka manna dunƙulen dalma a kai.

Ya ce, "Wannan shi ne ludayin. Masu ƙera ta sun auna abin da cikinta zai ɗauka, suka ɗaure. In ka ƙara mata kaɗan za ta ji ƙarfi, ba ƙarya ba ne. In ka wuce, gas ya fi iska yawa, ba zai ƙone duka ba. Daga nan sai baƙin hayaƙi, sai zafi, sai fistin ya narke maka a ciki."

Pindar ya ce kaɗan ɗin yake so. Maikuɗi ya yanke wayar, ya sassauta wani notin da ke riƙe da ɗan notin, ya juya ɗan notin kamar faɗin farce, ya ɗaure. Ya ce iyakarta ke nan, kada a ƙara. Ya ce ya riƙa kallon salansa: in hayaƙi ya yi toka-toka ba laifi, in ya yi baƙi a mayar da noti inda yake tun kafin a yi kuka. Ya kuma ce sabuwar mota ba a yi mata wannan, don ranar da aka yanke wayar nan kamfani ya wanke hannunsa. Pindar yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan hannun Maikuɗi, yana lura da ɓangaren da ya juya.

Tsohuwa ta ji daɗin ƙarin. Inda take durƙusawa a da, yanzu sai ta ɗan yi gurnani ta wuce. Amma ba ta kamo shuɗiya ba. Kwana kaɗan bayan haka, a wata gona da ba kowa, Pindar ya tsaya da rana a inuwar aduwa, ya fito da sifana ya ƙara juyi. Ya gwada. Ya sauko ya sake ƙarawa. Muryar Tsohuwa ta sauya gaba ɗaya, ta koma ruri, in ya taka ta sai baƙin hayaƙi ya tashi kamar an cinna wa taya wuta. Ya gani sarai. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne.

Da ruwa ya zauna, Alhaji ya tura su duka biyun babbar gonarsa ta hanyar Dikwa. Dzarma ya kama daga gabas, Pindar daga yamma, za su haɗu a wata tsamiya da ke tsakiya. Tsere ne wanda mutum ɗaya kaɗai ya san ana yi. Dzarma na tafe a natse, in sun yi kusa ya ɗago hannu yana dariya. Pindar kuwa ya sa giyar da bai taɓa noma da ita ba, garma na kifar da baƙar laka kamar ana yanka tuwo, hayaƙi na dawo masa a fuska har yana jin ɗacinsa a harshe. Allurar zafi ta hau ta jingina da ja. Sau biyu yana fakewa a bayan kurmi ya ɗura wa lagireto ruwa, yana ƙona yatsu. Kafin azahar ya wuce tsamiya, ya shiga cin rabon Dzarma.

Daidai lokacin Alhaji ya iso da abokansa biyu a mota. Suka tsaya a bakin gona, riguna na kaɗawa, suna kallo. Da Pindar ya kawo ƙarshen layi ya tsaya, Alhaji ya tare shi yana dariya har da riƙe ciki.

Ya ce wa abokansa, "Ban gaya muku ba? Tsohon nan a hannun Pindar ya fi sabo. Da ina tunanin baɗi in sayo wani in ba shi, amma wa zai raba wannan da wannan?"

Sannan ya juya wurin Dzarma ya yi masa magana da Kanuri. Pindar bai ji kalmomin ba, amma ya ji dariyar abokan, ya kuma ga ƙanensa ya sunkuyar da kai. Wani sanyin daɗi ya ratsa shi tun daga wuya har ƙafa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Sai a hanyar gida maganar Alhaji ta dawo masa da ɗaya fuskar. Da hannunsa ya ƙara ɗaure kansa a jikin Tsohuwa. Da ya zaro sandar awon mai kuma ya shinshina, man ya tsinke, warin gas yake yi. Ya san in ya ƙara mako ɗaya a haka zai kashe ta.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, Dzarma na wanke shuɗiya a ƙarƙashin dalbejiya, Pindar na zaune a benci. Dzarma ya ajiye soso ya zo ya tsuguna a gabansa yadda ya saba.

"Yaya, me ka yi wa Tsohuwa?"

"Me ka gani?"

"Abin da kowa ya gani. Alhaji ya ce in ban iya ba in gaya masa, ya nemo wanda ya iya."

Ba dariya a fuskarsa. Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ya ce ya san ba zai taɓa kamo Yaya a iya tuƙi ba, shi dai kada a sake kunyata shi a gaban baƙi.

Duk abin da Maikuɗi ya faɗa yana kan harshen Pindar. Faɗin farce. Baƙin hayaƙi. Kamfani zai wanke hannunsa. Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan shuɗin fentin da ke ɗigar ruwa yana ƙyalli a rana, da matashin da aka cire aka shanya a kan taya. Ya tashi, ya zagaya gefen injin, ya nuna da yatsa daga nesa, bai taɓa ba.

"Ga shi nan, mai waya da dalma. Ni dai ban taɓa maka ba."

"Da yawa zan juya ko kaɗan?"

"Kunnenka zai gaya maka."

Ya bar sifanarsa a kan benci ya shiga gida. Rhoda na bakin kekenta, ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da ɗinki. Ba a jima ba suka ji shuɗiya ta yi wani ruri da ba su san ta da shi ba, yara suka ɗauki ihu suka bi ta. Da ƙarar ta yi nisa, Pindar ya fita, ya ɗauko sifanar a inda Dzarma ya ajiye ta, ya je ya mayar da notin Tsohuwa daidai inda Maikuɗi ya same shi tun farko. Ya zubar da man da ya tsinke ya zuba sabo.

Makonnin da suka biyo baya shuɗiya ta zama abin labari. Gonar yini sai ta gama ta kafin la'asar. Daga nesa ake gane ta da baƙin hayaƙinta. Alhaji ya ce ashe yaron kunya yake buƙata, har ya ba shi hula mai aiki daga cikin nasa. Abin mamaki, ko a nan ma zuciyar Pindar ba ta huta ba. Ya san inda hayaƙin nan zai kai, amma duk da haka in ya ji ana yabon Dzarma sai ya ji abin ya soke shi. Sau ɗaya ya kusa magana. Suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya ce, "Dzarma," Dzarma ya ɗago da sabuwar hular a kansa, bakinsa cike da labarin yadda wani babban ma'aikaci ya biyo shi har gona yana roƙo. Pindar ya ce ya miƙo masa ruwa.

A wata gonar shinkafa a Jere abin ya faru. Wanda ya kawo labari ya ce sun ji ƙara kamar an buga guduma a cikin tukunya, sai farin hayaƙi, sai mai ya fara feshi ta salansa, shi ke nan ta yi shiru. Pindar ne ya je da Tsohuwa ya jawo ta. Ya tarar da Dzarma zaune a kan kunya, hannuwansa baƙi ƙirin. A hanya Pindar bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Da suka shigo Bulumkutu mutane suka fito kallo, ya laluba zuciyarsa ko zai ji daɗi. Ya sami ɗan kaɗan a can ƙasa, kuma samunsa ya sa bakinsa ya yi ɗaci.

Kamfanin ya turo injiniya daga Kano. Mutumin bai ɓata lokaci ba. Ya duƙa a gefen famfo, ya ɗago guntun wayar da ke reto, ya ce wa Alhaji wannan ba ruwan kamfani. Fistin biyu sun narke. A gaban Pindar Alhaji ya tambayi Dzarma wa ya taɓa famfon.

"Ni ne, Alhaji."

"Wa ya nuna maka?"

"A bakin direbobi na ji."

Pindar na tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya karɓi makulli, ya ce wa Dzarma Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Daga baya ya kira Pindar ya ba shi haƙuri, ya ce ya san ƙanensa ne, amma ba yadda zai yi. Ya ce da ma tun farko babba ya ba, da duk wannan bai faru ba. Gyaran ya ci sauran daminar. Da aka gama, Pindar aka ba makullin, Tsohuwa kuma aka ɗauko mata wani sabon direba mai suna Wilson.

Dzarma bai daɗe a zaune ba. Wani abokinsa ya sama masa aiki a motar da ke ɗauko bandar kifi daga Baga tana kaiwa kudu, ya kuma ba shi wuri a ɗakinsa a Bolori. Pindar ya ce ba sai ya tashi ba, ɗakin waje nasa ne. Dzarma ya yi godiya, ya ce can ya fi kusa da tasha. Safiyar da zai tafi Rhoda ta ƙulla masa yaji da daddawa tana share ido da bakin zane. Ya ɗaure tabarmarsa, ya fito, ya tarar da Pindar a ƙofar gida yana duba tayar shuɗiya. Ya ajiye kaya ya tsuguna ya yi masa sallama kamar yadda ake yi wa babba, Pindar ya sa masa albarka. Har ya ɗauki jakarsa, sai ya tsaya.

"Yaya, na lura Tsohuwa ta daina hayaƙi tun ranar Lahadin nan."

Pindar bai ɗago ba. Hannunsa na kan tayar.

"Na ce dai in gaya maka na lura."

Ya saɓa tabarmarsa ya bi layi. Yaran suka raka shi har bakin titi.

Bai yanke zumunci ba. Duk sanda motarsu ta kwana a gari yakan zo da ƙunshin kifi, yara su rufe shi, Rhoda ta ɗora tukunya ko da an riga an ci. Yana gaida Pindar da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi labarin gida. Sai dai bai sake tsugunawa ya tambaye shi wani abu a kan inji ba. Aikin kifin kuma ya karɓe shi, ya yi ƙiba, dariyarsa ta dawo. Uwarsu ta aiko daga ƙauye cewa autanta ya yi mata rufin kwano. Rhoda ba ta taɓa tambayar mijinta komai ba, amma in Dzarma ya zo, naman da ya fi kyau a kwanonsa take sawa, ba ta kuma ɓoyewa.

Da damina ta zagayo, Pindar ya shiga Zabarmari da shuɗiya, zai nome gonar wani tsoho mai suna Ba'ana. Ta tashi da murɗa ɗaya, ta kawo shi ba tari ba nishi. Tsohon ya taso daga inuwa yana dogara sanda, fuskarsa a sake, yana gaisuwa da Kanuri.

"Wushe, wushe. Motar Dzarma ya zo." Sai ya matso ya ɗaga kai, ya ga wanda ke sama. "Af, kai ne. Ina yaron?"

Pindar ya ce ya koma jigilar kifi. Tsohon ya girgiza kai, ya ce an yi asara, don bara da yaron ya nome masa, shinkafar da ya samu bai taɓa samun irinta ba. Ya ce hannun wani akwai albarka. Ya ce don Allah in ya gan shi ya gaishe shi da kyau.

Pindar ya ce zai ji. Ƙyashin nan ya sake taso masa, sabo fil, kamar ba a yi komai ba. Ya tambayi tsohon daga ina iyakar gonar ta fara, aka nuna masa da sanda. Ya sa giya, ya sauke garma.